Inda Hannun Manomi Yake Tsayawa

Ya Ubangiji, ka tashe ni lafiya, na gode. Gari bai gama wayewa ba, amma zuciyata ta riga ƙafata fita. Bari in ɗan zauna a gabanka tukuna.

Abin da nake juyawa a raina ɗan ƙarami ne. Kowane aikin gona yana da inda hannun mutum yake tsayawa. Wanda bai kai wurin ba ya yi sakaci. Wanda ya zarce ya yi ɓarna. Ina so in gane wurin nan, in kuma iya tsayawa a kansa ba tare da raina ya tashi ba.

Binne nake fara tunawa. A ƙarshen bazara, wajen watan Mayu, ƙasa ta bushe ƙamas, rana tana dukan ƙeya, ko ɗigon ruwa bai sauka ba. A ƙasashen rairayi, irin su Daura da Gumel da Damagaram, manomi yakan saɓi sungumi ya fita. Yana gaba yana sara, yaro yana biye da ƙoƙon iri, yana jefa gero a rami yana rufewa da ƙafa. Su gama su dawo gida, sama wasai, babu alamar hadari.

Wanda bai san noma ba zai ce an zubar da abinci. Amma ƙwayar gero ba ta motsi sai ta sha ruwa. Tana iya kwana da kwanaki a cikin busasshiyar ƙasa tana jira. Daren da ruwan farko ya sauka, ita ta riga ta isa wurinta. Gonar da aka yi wa binne takan riga ta maƙwabta tsirowa, kuma a inda damina ba ta wuce wata 3 zuwa 4, ko kwana kaɗan riba ne.

Akwai kasada a ciki. In yayyafi ya zo ya tayar da iri, sannan ruwa ya ɗauke, tsiron zai ƙone, sai an sake shuka. Manomi ya san wannan sarai. Yana sane ya binne.

Wannan sanin nake dubawa, ya Ubangiji. Tun kakar bara ya zaɓi zangarniya mai cika ya adana inda ɓera ba ya kaiwa. Ya share gona, ya kai taki da jaki ko amalanke. Ya sara rami daidai, bai yi zurfin da tsiro zai kasa fitowa ba, bai kuma bar shi sama-sama yadda zabi za su tone ba. Duk wannan aikinsa ne, kuma ya yi shi da kyau. Sa'ad da diddigensa ya danne ƙasa, nasa ya ƙare.

Babu mai hankalin da zai koma washegari ya tone ramin don ya ga ko iri yana nan. In ya tone ya ɓata. Abin da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa ba a ba shi ya gani ba. Kai ne kake can.

Wannan tunanin yana sanyaya mini rai. Wurin da idona ba ya kaiwa ba kango ba ne. Kana ciki, kana aikinka a natse, ba ka bukatar in leƙa.

Ko taki ma yana da awonsa. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa talakan da ba ya iya sayen buhuna ba sai ya watsa ɗan abin da ya samu ko'ina ba. Cikin murfin kwalbar lemo guda, wajen giram 6 na takin NPK, ya ishi rami ɗaya, a sa shi ɗan gefe da iri a rufe. Ɗan wannan yakan sa saiwa ta kama da wuri. Wanda ya ce don ƙauna bari ya cika hannu ya zuba a kan iri, in ruwa ya yi jinkiri takin da kansa zai ƙone tsiron.

Na san irin wannan ƙaunar a cikin raina, mai son ta juye komai yanzu-yanzu. Ka koya mata awo.

Bayan ruwa da 'yan kwanaki, gona takan yi tsanwa. Rami ɗaya yakan fitar da tsiro goma ko fiye. Da mako biyu ko uku, lokacin noman firi, sai a duƙa a rage, a bar biyu ko uku masu ƙarfi. Ana yi ne sa'ad da ƙasa take da laima, don kada a girgiza saiwar waɗanda za a bari.

Hannu yakan yi nauyi a nan. Waɗanda ake cirewa ba matattu ba ne, kore suke shar, babu laifin da suka yi. Amma in aka bar su duka, za su yi ta kokawar ruwa da abinci, su tashi sirara, zangarniyarsu ta fito ƙanana. Mai ragewa ya yarda cewa uku da aka bari za su ba da abin da goma ba za su iya ba. Bai gani ba tukuna. Yarda ya yi.

Kada kuma in ruɗi kaina, ya Ubangiji, in kira lalaci dogaro. Wuta-wuta tana nan tana tuna mini.

Irinta a ido ƙura ne kawai, kuma tushe ɗaya yana iya zubar da dubun dubata. Irin yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10. Ba ya tsirowa sai ya ji saiwar gero ko dawa ko masara a kusa, sannan ya manne mata ya riƙa zuƙe abincinta. Kafin a ga furenta mai ruwan hoda a sarari, ta daɗe tana ɓarna a ɓoye. Hatsi ya tsumbure, ganyensa ya yi kamar an babbaka, alhali ruwa bai yanke ba.

Wanda ya ga wuta-wuta ya naɗe hannu ya ce ya bar wa Allah, bai fahimce ka ba. Wannan tana cikin rabon hannunsa. A tuge ta kafin ta zubar da iri, a fitar da ita daga gona a ƙone. A ƙara wa ƙasa taki, domin gajiyayyiyar ƙasa ta fi so. A juya shuka, bana hatsi, baɗi gyaɗa ko waken suya. Iyayenmu sukan ce, Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma ban taɓa jin wannan magana ta saɓa wa dogaro ba.

Saboda haka abin da nake roƙo ba hutu ba ne. Idon ganewa nake roƙo, in san wanne ne nawa, wanne ne naka.

Da gero ya ɗan tasa, sai a bi tsakaninsa da wake. Nakan so in tuge tushe ɗaya in duba saiwarsa. Akwai 'yan ƙullutu a manne da ita, in ka fasa mai aiki za ka ga cikinsa ja-ja. A nan wasu halittu da ido ba ya gani suke ɗauko sinadarin naitirojin daga iska suna ciyar da shukar, abin da ya rage kuma ya amfani ƙasa. Kakanninmu ba su san sunansu ba, amma sun lura gonar da wake ya yaɗu a cikinta ba ta saurin gajiya.

Haka gawo. Sauran itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake zubar da nasa. Ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zuba ya zama taki, shi ya sa hatsin gindin gawo yakan fi na fili kyau. Babu manomin da ya tsara wannan. Mun zo mun tarar. Kafin in ɗaga fartanya ka riga ka sa ma'aikata a gonar, ni ne na zo daga baya.

Watan Agusta ya fi kowane wata gwada zuciya. Marka ta sauka, an gama maimai, an yi huɗa, gero ya yi ciki ya fid da kai, bununi yana tashi. A daidai lokacin rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Abinci yana tsaye a gona ana kallonsa, amma bai zama abinci ba tukuna.

Aikin da ya rage kaɗan ne, korar tsuntsaye da zagayawa. Sauran jira ne. Ana iya karyo zangarniya ɗaya ko biyu a gasa tumu, yara su ji daɗi. Wanda yunwa ko tsoro ya sa ya girbe gonar duka tun ƙwaya tana da ruwa, zai sami hatsi marar nauyi, wanda zai yi fumfuna a dami.

Ka sa wa nunar alama, kuma ina ƙaunarka saboda wannan. In aka ɓanɓaro ƙwayar gero ko ta dawa aka duba gindinta, inda take manne da zangarniya, za a ga ɗan baƙin ɗigo. Shi ne shaidar cewa ta gama shan abin da za ta sha daga uwa. Kafin ya bayyana, gaggawa hasara ce. Bayan ya bayyana, sai a kwantar da kara ya sha rana, a yanke zangarniya, a ɗaure dami. Ba ka bar mu muna lalube ba. Mai jira yana da abin dubawa.

Wake kuma ba ya son a makara. In ya bushe aka bar shi, kwanso ya fashe ya watsar da 'ya'ya a ƙasa. Shi ya sa ake yin roro da sassafe, tun raɓa ba ta gama bushewa ba, kuma ba sau ɗaya ba, domin ba ya nuna gaba ɗaya.

A kan wake nake so in daɗe a gabanka, domin shi ne aikina na yau. An gama roro, an sussuka, an sheƙe, an ba dabbobi harawa. Ya sha rana a kan tamfol, ba a ƙasa tsirara ba. Zan gwada shi da haƙori, in ji ko zai fashe ƙaras. Akwai kuma gwajin gishiri. A zuba busasshen gishiri da ɗan wake a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar shi ya ɗan jima. In gishiri ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, sai a mayar rana.

Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake, amma duk mai nomansa ya san maƙiyinsa. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Uwar takan yi ƙwai a jikin kwanso ko a jikin ƙwaya. Tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, ta yi ta ci a ɓoye. Wajen wata guda ta fito ƙwaro, ta bar rami, ta sake yin ƙwai. Cikin 'yan watanni buhun da aka ajiye da murna ya koma huji da gari.

Tsoron wannan ne yake sa mutane su kai wake kasuwa tun da kaka, lokacin da ya fi araha, sannan su dawo su saye shi da tsada da bazara. Tsoron nan ne kuma yake sa wasu su zuba maganin ƙwari mai guba a kan abin da mutane za su ci. Har ta kai a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa. Abin da ya fi damuna shi ne wanda bai fita ba, wanda ya shiga tukwanenmu, aka yi ƙosai da alala aka ba yara.

Ba na jin mai zuba maganin mugu ne tun asali. Mutum ne da ya sha rana wata huɗu, yana ganin guminsa zai zama gari, hannunsa ya kasa tsayawa. Ya Ubangiji, ka ji tausayinsa, ka nuna masa wata hanya. Na ga abin da tsoro yake iya sa hannun kirki ya aikata.

Hanyar kuwa tana nan. Iyayenmu mata sun daɗe suna cuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka, ko su cika jarka su toshe bakinta. Masana na Jami'ar Purdue a Amurka, tare da abokan aikinsu a Marwa ta Kamaru da Maraɗi ta Nijar, suka bi wannan hanya ta hana iska shiga har aka samu buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a ƙauyukanmu daga 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje.

Aikinsa ba wuya, amma yana son kula. A duba ledojin a tabbata babu huji ko na allura. A sa ɗaya cikin ɗaya, a zuba busasshen wake, a matse iska ta fita. A murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa, a ɗaure tam. A yi wa ta biyu haka, ita kaɗai. Sannan a ɗaure na waje. A ɗora buhun a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, a tsare shi daga ɓera.

Shi ke nan. Babu magani ko ɗigo. Ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shaƙe 'yar iskar da ta rage. Da ta ƙare sai su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Waken ya kai wata da watanni lafiya, a ci shi ba fargaba, a kuma shuka shi ya tsiro.

Lokacin da ake koya wa mutane, akan tara su a dandali, a ɗaure buhunan a gaban kowa, a ajiye. Bayan watanni a sake taruwa a kwance a gaban kowa. Ina tunanin matar da ta kawo wakenta a ranar farko, ta ga an ɗaure ba a sa komai ba, ta koma gida. Watannin da ke tsakani, me take faɗa wa zuciyarta da dare?

Domin sharaɗin buhun nan guda ne, a bar shi a ɗaure. In bukata ta kama ana iya kwancewa a ɗiba a mayar da sauri. Amma kwancewar tsoro, yau a leƙa, jibi a leƙa ko ƙwaro ya mutu, ita ce take ba ƙwaron sabuwar iska. Mai leƙen yana ganin kula yake yi, alhali shi yake rayar da abin da yake gudu.

A nan maganar ta iso gare ni, ya Ubangiji. Akwai abubuwan da na yi musu iyakar ƙoƙarina na ɗaure na miƙa maka. Ɗan da ya girma ya bar gida. Gaskiyar da na faɗa wa ɗan'uwana sau ɗaya cikin ƙauna, wadda maimaitawa ba za ta ƙara mata komai ba. Marar lafiyar da aka kai asibiti, aka karɓo magani, saura jira.

Zuciyata takan so ta koma ta kwance. Takan ce bari in ƙara tambaya, bari in ƙara magana, bari in kwana ina lissafi. Takan sa wa wannan suna kulawa. Kai ka san sunansa na gaskiya, kuma ba ka tsawata mini. Kana dai riƙe hannuna a hankali har ya saki igiyar.

Ina koyo. Ba a rana ɗaya ake iyawa ba. Amma na fara jin wani sauƙi da ban sani ba a da, sauƙin wanda ya gane cewa ba shi kaɗai yake tsaron kayansa ba. Ina barci kana farke. Alherinka bai jira na iya dogara ba kafin ya fara aiki, kamar yadda ya yi ta yi tun ban san kaina ba.

Ba zan ɓoye maka abin da yake yi mini nauyi ba. Akwai waɗanda suka yi komai daidai, suka tsaya inda ya kamata, amma ba su ɗaure ko dami ɗaya ba. Tsofaffinmu suna tuna farin 1973 da na 1984, sa'ad da aka shuka aka sake shukawa sama ta ƙi. A 2022 ambaliya ta shafe gonaki a Jigawa da wasu jihohi, amfani yana gab da nuna. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai masu gona da iri da ƙarfi, amma tsoron 'yan bindiga ya hana su taka gonar.

Ba ni da amsar wannan, kuma ba zan ƙirƙiro ba. Na dai san ban dogara gare ka don mun yi ciniki ba, in ba ka biyayya ka ba ni rumbu. Na dogara ne domin kai ne, a shekarar cika da shekarar rashi. Waɗannan bayin naka ma kana kusa da su da safen nan, yadda kake kusa da ni. Ka riƙe zukatansu. Ka buɗe musu hanyar gonakinsu.

Wataƙila wani ɓangare na amsar yana cikin waken da ke jirana a tsakar gida. Tun da buhun da aka ɗaure ba a son yawan kwance shi, duk abin da za a fitar, kafin ɗauri ake fitarwa. Na cin gida daban a jarka. Na iri daban. Hakkinka daban. Akwai kuma iyalan da suka baro ƙauyensu suka sauka a unguwarmu, bana ba su shuka ko kunya ɗaya ba. Zan auna nasu tun ban taɓa igiya ba, da kwanon da nake auna wa kaina.

Ka nuna mini gidan da zan fara kaiwa. Ka kuma ba ni yadda zan miƙa, ta hanyar da mai karɓa ba zai sunkuyar da kai ba. Amin.